Iska, Zafi da Nauyi: Yadda Babban Jirgin Sama Yake Tashi, da Abin da Ya Shafi Jigilar Alhazan Yankin Maraɗi

0. Gabatarwa

Maniyyacin da ya fito daga gundumar Agye, ko ta Gazawa, ko ta Gidan Rumji, galibi yakan fara tafiyarsa ta Makka da juya ma gabas baya. Yakan bi babbar hanya mai lamba 1 zuwa yamma, ta Birnin Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar kilomita 600 ko fiye, har Yamai. Daga can ne jirgi zai ɗauke shi ya koma da shi gabas, ya ratsa sararin ƙasar da ya baro. A miƙe, tsakanin Yamai da Jidda kimanin kilomita 4,000 ne, tsakanin Maraɗi da Jidda kuwa kimanin 3,500, kuma ga filin jirgi a Maraɗi. Saboda haka tambayar da ake yawan yi ita ce: me ya hana babban jirgi sauka a nan kusa ya kwashi mutane?

Amsoshin da aka saba ji sun shafi kuɗi da tsarin mulki, kuma suna da gaskiyarsu. Sai dai a ƙarƙashinsu akwai wani dalili wanda ba ya sauyawa da sauyin gwamnati, wato halin iska kanta. Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana, a cikin Hausa, yadda jirgi mai nauyin ɗaruruwan tan yake barin ƙasa, da yadda zafi da tudun wuri da tsawon titi suke yanke hukunci kan abin da zai iya ɗauka. Za mu ɗauki Boeing 747-400 a matsayin misali, domin jiragen wannan gida su ne kamfanoni irin su Kabo Air da Max Air suka daɗe suna jigilar alhazai da su a wannan sashe na Afirka.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta zama ta yanzu. Shekarar Musulunci ta gaza ta rana da kwana 11 ko kusa da haka, don haka aikin hajji yana zagaya yanayin shekara cikin kimanin shekara 33. A 2024 tsayuwar Arfa ta faɗo tsakiyar Yuni, a 2025 farkon Yuni. Bisa lissafi, daga 2026 zuwa 2028 cikin Mayu take, a 2029 da 2030 kuma cikin Afrilu. Tun da ana fara jigila makonni kafin nan, tashin maniyyata na waɗannan shekaru ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana a Maraɗi da Yamai yake kaiwa digiri 40 ko ya wuce. Rabon da a ga haka tun tsakiyar shekarun 1990, zamanin da kamfanin Air Afrique yake raye.

1. Iska abu ce mai nauyi

Kafin mu shiga maganar jirgi, dole ne mu yarda da abu guda wanda ido ba ya nuna mana: iska tana da nauyi. Masana sufurin sama sun ajiye wani ma'auni da suke kwatanta komai da shi, wato iskar bakin teku a zafin digiri 15. A wannan hali, lita 1,000 ta iska, wato cikin tano 5 na lita 200, tana da nauyin giram 1,225. Iskar da ke tare a bisa kanmu har ƙarshen sama kuwa tana danna kowane murabba'in mita na ƙasa da nauyin da ya ɗara tan 10. Ba mu jin wannan danni ne saboda yana zuwa ta kowane gefe daidai wa daida.

Nauyin da ke cikin lita 1,000 ta iska shi ne za mu kira kaurin iska a duk tsawon wannan takarda. Abu biyu ne suke rage shi. Na farko hawa sama, domin iskar da ke danno ta daga bisa tana raguwa. Na biyu zafi, domin iska in ta yi zafi buɗewa take yi, sai kaɗan daga cikinta ta cika wurin da mai yawa take cikawa a da.

Mu kawo lissafin gida. Maraɗi tana bisa tudun da bai kai mita 400 daga bakin teku ba. Da asubahin watan Janairu, in sanyi ya sauko digiri 13, lita 1,000 ta iskarta tana da kimanin giram 1,180. Da azahar ɗin watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 42, sai ta koma kimanin giram 1,070, wato ta gaza ma'aunin bakin teku da kashi 12 ko 13 cikin 100. Irin wannan kauri, a ranar da yanayi yake daidai da ma'auni, sai an hau mita 1,400 ake samunsa. Ke nan ga jirgi, azahar ɗin bazara tamkar an ɗauke filin Maraɗi ne an aza shi bisa tudun Jos, har da ɗan ƙari.

2. Fiffike da inji

Jirgin da ke tafiya a sama yana tsakanin ƙarfi huɗu. Nauyinsa yana jan shi ƙasa, ɗagin fiffike yana riƙe shi sama, turin inji yana kai shi gaba, tirjiyar iska kuma tana riƙe shi baya. In ɗagi ya yi daidai da nauyi, turi ya yi daidai da tirjiya, jirgin zai miƙe ba hawa ba sauka. Duk aikin matuƙi bai wuce sarrafa waɗannan huɗu ba.

2.1 Ɗagin fiffike

Fiffiken jirgi ba a kwance yake sarai ba. Gabansa a ɗan ɗage yake, bayansa na bisa kuma a ɗan ƙoƙe. Idan ya keta iska da gudu, sai ya karkatar da ita ƙasa. Dokar da Isaac Newton ya bayyana a 1687 ta ce duk abin da ya tura wani, wancan ma zai tura shi da ƙarfi daidai ta ɗaya gefen. Fiffike ya tura iska ƙasa, iska ta tura fiffike sama. Duk wanda ya taɓa fidda tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu, ya ɗan karkata shi, ya ji wannan a jikinsa.

Ana iya bayyana abin ta wata fuska. Iskar da ke bi ta bisa fiffike ta fi ta ƙasa gudu, kuma kamar yadda Daniel Bernoulli ya nuna a 1738, inda iska ta ƙara gudu danninta yana raguwa. Sai dannin ƙasa ya rinjayi na bisa. Wannan ne kuma yake taimaka ma guguwar farkon damina wajen yaye rufin kwano: iskar da ke gudu bisa rufin ta rage dannin waje, ta cikin ɗaki ta tura kwanon sama. Bayanan biyu ba kishiyoyin juna ba ne, abu ɗaya ne aka duba ta gefe biyu. Wanda ya kamata malamai su guje ma shi ne bayanin da ke yawo a wasu littattafan makaranta, cewa wai iskar bisa tana sauri ne don ta cim ma ta ƙasa a bayan fiffike. Gwaji ya nuna ba sa haɗuwa, ta bisa takan riga isa.

To, ɗagi nawa ake bukata? Boeing 747-400 a cike maƙil yana da nauyin kusan tan 397. Daga bakin fiffike zuwa baki mita 64 ne, wato ya fi duk tsawon tashin farko da ƴan'uwan nan Wright suka yi a Amurka ranar 17 ga Disamba 1903, wanda bai wuce mita 37 ba. Faɗin fikafikansa kuwa ya ɗara murabba'in mita 500. Idan muka raba nauyin bisa faɗin, kowane murabba'in mita yana ɗauke da kimanin kilo 750, wato buhun hatsi 7 da rabi. Abin yana da yawa a ido, amma idan muka tuna cewa dannin iska ya ɗara tan 10, za mu ga cewa bambancin kashi 7 cikin 100 tsakanin ƙasan fiffike da bisansa ya isa ya riƙe jirgin duka.

Yawan ɗagi ya rataya ga abu huɗu: kaurin iska, faɗin fiffike, karkatarsa, da gudu. Gudu ne ya fi tasiri, domin in ya ninka sau 2, ɗagi yana ninkawa sau 4. Karkata kuwa tana da iyaka. In ta wuce kimanin digiri 15 a fiffiken da ba a buɗe masa komai ba, iska takan suɓuce daga bayansa, ɗagin ya karye. Don haka ne ake yi ma fiffike leɓuna a gaba da baya, waɗanda ake turowa waje lokacin tashi da sauka, su ƙara masa faɗi da lanƙwasa, ya iya ɗaukar nauyi da ƙaramin gudu.

2.2 Turin inji

Injin babban jirgi aikinsa shi ne ya shaƙi iska ta gaba ya watsa ta baya da gudu. Ƙatuwar fankar da ake gani a bakinsa ita ce ke jawo iskar. Kashi kaɗan yana shiga cikin inji, inda jerin ƙananan farfeloli suke matse shi sau 30 ko kusa da haka, a fesa masa kalanzir na musamman, ya kama da wuta. Hucin da ya fito yana juya wasu farfeloli na baya, su kuma su juya fankar ta gaba. Kaso mafi yawa, kimanin kashi 5 cikin 6 a injinan 747-400, ba ya shiga wuta ko kaɗan, ta gefe yake wucewa, kuma shi ne yake ba da mafi yawan turin.

Injinan nan 4 in sun haɗu suna ba da turin da ya ɗara tan 100 kaɗan, wato bai fi rubu'in nauyin jirgin da yawa ba. Wannan ya nuna cewa inji ba ya ɗaga jirgi. Gudu kawai yake samar masa, fiffike ya yi sauran aikin.

Zafi yana cin inji ta hanya biyu. Iska marar kauri tana nufin kowace shaƙa ta ragu. Sannan zafin ɗakin ƙuna yana wuce digiri 1,000 nesa ba kusa ba, har yakan ɗara abin da ƙarfen farfelolin zai jure in ba don ana sanyaya su ta ƙananan huji ba. In iskar da ta shigo da ma mai zafi ce, dole a rage mai don kada a wuce iyaka. Mafi yawan injina an tsara su ne su ba da cikakken turi har zuwa kimanin digiri 30 a bakin teku. Daga nan sama, kowane digiri yana rage wani abu. A bazarar ƙasarmu, tun da hantsi an wuce wannan iyaka.

3. Tashi

Yanzu mu haɗa abubuwan biyu bisa titin tashi. Cikakken 747-400 yana bukatar gudun kusan kilomita 300 a awa kafin matuƙi ya ɗaga hancinsa, kuma ko a bakin teku a ranar da ba zafi, titin da ake lissafa masa yana kaiwa mita 3,000. In kaurin iska ya ragu da kashi 12 ko 13 cikin 100, sai an ƙara gudu da kashi 7 kafin a sami ɗagin da ake so. Ƙarin kashi 7 a gudu yana jawo ƙarin kashi 14 a tsawon titi, tun ma ba a sa raunin inji a lissafi ba. In aka sa shi, tazarar ta ƙara tsawo. Wato zafi yana neman ƙarin gudu daga injin da shi zafin ya riga ya raunana.

Daɗin daɗawa, ba a lissafa titi bisa zaton komai zai tafi daidai. Doka ta tilasta a ɗauka cewa inji ɗaya zai mutu a tsakiyar gudu. Kafin kowane tashi, matuƙa suna fidda wani adadi da za mu kira gudun yanke shawara. In matsala ta auku kafin a kai shi, a taka birki, kuma dole ragowar titin ta isa a tsaya. In ta auku bayansa, a ci gaba da tashi da sauran injina, kuma dole jirgin ya iya hawa: aƙalla mita 3 cikin kowace mita 100 ga mai inji 4, mita 2 da ɗan ƙari ga mai inji 2 irin Airbus A330. Wannan sharaɗi na biyu ba ruwansa da tsawon titi. Ko da titin ya kai daga Agye zuwa Gazawa, in zafi ya hana ragowar injina hawa da wannan nauyi, sai an rage nauyin.

Tayoyi ma suna da nasu rabo. 747 yana da taya 18, kuma dogon gudu da nauyi bisa kwalta mai zafi yana gasa su. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani DC-8 da ya taso daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato ya fara gudu da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. Tayoyi suka fashe, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun cikin jirgi da wutar a jikinsu. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Haka kuma ranar 4 ga Mayu 2002, da rana tsaka, wani BAC 1-11 mai zuwa Legas ya zarce ƙarshen titi a Kano, injinansa suka shaƙi ƙura, ya kasa hawa, ya faɗa unguwar Gwammaja, mutane fiye da 100 suka rasu a jirgi da ƙasa. Ba ƙaton jirgi ba ne, amma dokar iska ɗaya ce ga babba da ƙarami, kuma watan Mayu ne, a filin da ke bisa tudun kusan mita 480.

Da wannan za mu iya komawa ga tambayar farko. Titin filin Maraɗi, a shekarun 1990 da 2000, bai kai mita 2,000 ba, domin ƙanana da matsakaitan jirage aka gina ma shi. Na Malam Aminu Kano mita 3,300 ne. Na Diori Hamani a Yamai, wanda ke bisa tudun mita 220 kawai, mita 3,000 ne kafin a ƙara masa tsawo a 2019, gabanin taron Tarayyar Afirka. Kuma tsawo ba shi kaɗai ba ne. Ana bukatar faɗin mita 45, da daɓen da zai ɗauki tan 20 ko fiye a ƙarƙashin kowace taya ba tare da ya lotsa ba, da wurin juyawa, da rumbun mai, da motocin kashe gobara daidai girman jirgin.

4. Lissafin nauyi

Tun da matuƙi ba shi da iko bisa zafin rana ko tsawon titi, abin da ya rage a hannunsa shi ne nauyi. 747-400 ba kowa ba komai yana da kimanin tan 180. Tankunansa suna cin lita 216,000 da ɗoriya, wato tan 170 da wani abu. In aka cika su, abin da ya rage ma mutane da kaya kafin a kai tan 397 bai fi tan 45 ba. Ashe ke nan ko a wuri mafi dacewa, jirgin ba ya iya cika tanki ya cika kujeru a lokaci guda.

Mu yi misali da tafiyar Yamai zuwa Jidda. A ɗauka maniyyata 500 ne, kowane da jikinsa da kayansa kilo 120: tan 60 ke nan. Jirgin yana shan kimanin tan 10 a awa, tafiyar kuma awa 5 ce ko kusa. A ƙara man ajiya, wanda doka ta wajabta don jira a sama da kuma karkata zuwa wani fili, sai a ce tan 70. Jimla tan 310. Wannan ya gaza iyakar jirgin nesa, shi ya sa dogon titi irin na Yamai ko Kano yake ɗaukarsa ko da zafi. Gajeren titi kuwa zai tilasta a zaɓi ɗaya cikin uku: a rage mutane, a rage kaya, ko a rage mai a ya da zango a hanya. Kowanne cikinsu kuɗin kujera yake ƙarawa.

Hanya ma tana shiga lissafi. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan Afirka ta Yamma sai da suka yi zagaye a hajjin shekarar. Kowace awa ta ƙari tan 10 ce ta mai, wato nauyin mutum 80 da kayansu a misalinmu.

A nan ne kuma za a fahimci tsananin da ake yi wajen awon kaya, wanda alhazai da yawa suke ɗauka ƙeta ce ta ma'aikata. In kowane cikin mutum 500 ya ɓoye kilo 5, an sami tan 2 da rabi da matuƙi bai san da su ba, nauyin mutum 20. Gudun yanke shawara da gudun ɗaga hanci duka daga nauyin da aka rubuta masa yake fidda su. In adadin ƙarya ne, lissafin ma ƙarya ne. Bayan haka, inda aka ajiye kayan yana da muhimmanci kamar yawansu, domin jirgi kamar jaki ne da mangala, in gefe ɗaya ya rinjaya tafiya ba ta daidaita. A jirgi rinjayen gaba da baya ne abin tsoro.

5. Tafiya a sama

Abin mamaki shi ne, rashin kaurin iskar da ke wahalar da jirgi a ƙasa shi ne yake nema in ya tashi. Kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da digiri 6 da rabi. A mita 11,000 sanyi ya kai digiri 56 ƙasa da sifiri, kaurin iska kuma bai kai sulusin na bakin teku ba. A can tirjiya ba ta da yawa, inji kuma ya fi aiki da tsimi cikin sanyi, sai jirgin ya yi kilomita 900 a awa, wato 15 a minti. Daga sararin Gidan Rumji zuwa na Gazawa bai kai masa minti 10 ba. Farin zaren da manoma suke gani a bayansa ba hayaƙi ba ne, tururin ruwa ne daga ƙonewar mai, wanda sanyi ya daskarar nan take.

Kyawun ƙirar fiffike ana auna shi da yawan ɗagin da yake bayarwa bisa kowane kaso na tirjiya. A irin wannan jirgi kimanin 17 ne bisa 1. Ma'ana, turin tan 18 ya isa ya tafiyar da jirgi mai tan 310. Wata ma'anar kuma, ko duk injina sun mutu a mita 11,000, jirgin ba ya faɗowa kamar dutse, yana iya shawagi yana sauka a hankali fiye da kilomita 150.

Ɗan Adam ba ya rayuwa a wannan tsayi. Saboda haka ake cusa iska cikin jirgi a riƙe danninta kamar na tudun da bai wuce mita 2,400 ba. In wannan danni ya zube, hankalin mutum ba ya kai minti 1 bai gushe ba, shi ya sa ake cewa kowa ya fara sa abin shaƙar iska a fuskarsa kafin ya taimaki na kusa da shi. Tsofaffi masu ciwon zuciya ko na huhu, waɗanda suke da yawa cikin maniyyata, ya kamata likita ya san da wannan tafiya tun kafin ranarta.

Jiragen da ke ratsa sararin Nijar hukumar ASECNA ce take yi masu jagora, wadda aka kafa a 1959, kuma makarantarta ta EAMAC da ke Yamai ita ce take horar da masu wannan aiki da masana yanayi na ƙasashe da dama.

6. Sauka da matsalar hazo

Sauka tana da nata iyakoki. Nauyin da aka yarda 747-400 ya sauka da shi bai kai tan 300 ba, don haka wanda ya tashi a cike, in dole ta sa shi komowa nan take, sai ya zubar da mai a sama. Yana taɓa ƙasa da gudun kilomita 250 ko fiye, sai wasu faifai su miƙe bisa fiffike su kashe ɗagi, a juya turin inji gaba, birki ya kama. Zafi a nan ma yana ƙara gudun sauka da tsawon titi.

Amma babbar matsalar sauka a yankinmu ta hunturu ce. Hazo yakan rage gani har ƙasa da mita 1,000. Filin da ke da na'urar jagorar sauka ta mataki na farko yana barin matuƙi ya sauko har mita 60 daga ƙasa kafin a wajabta masa ganin titi. Filin da ba shi da ita, sai a karkata zuwa wani. Ranar 22 ga Janairu 1973, Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda, wanda rashin kyawun yanayi a Legas ya karkato da shi Kano, ya yi haɗari wajen sauka cikin hazo da iska. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. Ƙura kuma tana cin farfelolin inji sannu a hankali, tana toshe hujin da ke sanyaya su. Zagayen kalanda zai maido da hajji cikin hunturu a ƙarshen shekarun 2030.

7. Kammalawa

Mun ga cewa babu wani adadi guda da za a ce shi ne abin da jirgi yake ɗauka. Kowane tashi da lissafinsa, wanda ya haɗa zafin wannan sa'a, tudun wannan fili, tsawon titinsa da nisan tafiyar. Daga wannan muna iya fidda abubuwa uku.

Na farko, ga masu shirya jigila: a shekarun da hajji ya faɗo bazara, sa'ar tashi tana cikin abubuwan da ke yanke yawan mutanen da za a ɗauka. Tsakanin azahar mai digiri 42 da asuba mai digiri 28, kaurin iska yana ƙaruwa da kusan kashi 5 cikin 100, inji kuma ya koma kusa da cikakken ƙarfinsa. Jinkirin da ya tura tashin asuba zuwa azahar yana iya jawo a sauke kaya ko mutane.

Na biyu, ga masu neman a riƙa kwasar alhazan yankin daga Maraɗi: bukatar tana da hujja, domin za ta rage ma tsofaffi wahalar yini guda a mota da haɗarin hanya. Amma ya kamata a gabatar da ita da adadi: wane jirgi, da mutum nawa, a wane wata, da titi mai tsawo da ƙarfi nawa. Matsakaicin jirgi mai ɗaukar mutum 150 zuwa 180 sharuɗɗansa sun fi sauƙi nesa, ko da yake sawunsa zai yi yawa. Kuma lissafin a yi shi bisa azahar ɗin Afrilu, kada a yi shi bisa asubahin Janairu.

Na uku, ga malamai da ɗalibai masu bincike: bitar da ake yi ma maniyyata a garuruwa irin su Agye da Cadawa da Tibiri ta fi mayar da hankali ga hukunce-hukuncen ibada, kuma haka ya dace. Amma minti 10 na bayani da Hausa kan dalilin awon kaya, da dalilin tashin dare, da amfanin abin shaƙar iska, zai kawar da zargi mai yawa a filin jirgi. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, irin su kaurin iska, ɗagi, turi, tirjiya da gudun yanke shawara, shawara ce muka kawo. Muna fatan abokan aiki za su gwada su a aji da gidajen rediyon karkara, su gyara waɗanda ba su zauna a bakin jama'a ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jigilar bazara ta riga ta iso.